Dalilan Ƙarancin Launuka a Jikin Motocin Zamani

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin wata babbar hanya a yau, ko a Kano ne ko a Landan, ya ƙirga motocin shiga da ke wucewa, zai tarar mafi yawansu ba su wuce launi huɗu ba, wato fari da baƙi da ruwan toka da ruwan azurfa. Ja da shuɗi sukan gilma jefi-jefi, amma kore da rawaya da ruwan goro sai an tona. Kamfanin Axalta na Amurka, wanda ke yin fentin motoci kuma yake fitar da rahoto kan launukansu kowace shekara, ya nuna cewa a cikin sababbin motocin da aka ƙera a duniya a 2021, kashi 35 cikin ɗari farare ne, baƙaƙe kashi 19, masu ruwan toka kashi 19, masu ruwan azurfa kuma kashi 9. Ke nan a cikin kowace mota goma, takwas suna cikin waɗannan launuka huɗu. Wannan maƙala za ta duba yadda aka zo wannan hali, da dalilan da suka haddasa shi, sa'an nan ta taɓo yadda abin ya shafi mai sayen mota a ƙasar Hausa da kuma harshen da yake ciniki da shi.

Tarihi a Taƙaice

A farkon ƙarni na 20 ana shafa wa mota fenti ne da buroshi, kamar yadda ake yi wa keken doki. Akan yi shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe an goge shi kafin a ɗora wani, har aikin mota ɗaya yakan ci makonni. Motar Ford samfurin Model T da ta fito a 1908 ta fara zuwa ne da launuka irin su ja da kore da shuɗi da ruwan toka. Amma da kamfanin ya shigo da tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya a 1913, sai ya zama ba a iya jiran fenti ya yi makonni yana bushewa. Saboda haka daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kaɗai kamfanin ya riƙa fitarwa, domin baƙin fentin yana da araha, yana da ƙarko, kuma ana iya gasa shi ya kama jikin ƙarfe cikin ɗan lokaci. An ƙera Model T fiye da miliyan 15 kafin a daina ta a 1927, mafi yawansu kuwa baƙaƙe ne.

Abin da ya karya wannan mulki na baƙi shi ne wani fenti mai suna Duco da kamfanin DuPont ya samar, wanda ake fesawa kuma yake bushewa cikin sa'o'i. Kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a kan motarsa Oakland ta 1924, wadda ta fito shuɗiya, mutane kuma suka yi ta rububinta. A 1927 kamfanin ya buɗe sashe na musamman don zayyana da launi a ƙarƙashin Harley Earl. Ford ma ala tilas ya komo ga launuka a 1926. Daga nan launi ya zama makamin talla. A shekarun 1950 motocin Amurka sukan zo da launi biyu a jiki ɗaya, a shekarun 1970 kuma aka yi yayin ruwan ƙasa da ruwan goro da kore da rawaya.

Reshe ya fara juyewa da mujiya ne a ƙarshen ƙarnin. Ruwan azurfa ya hau gaba wajen shekarar 2000, ya riƙe kambi na kimanin shekara goma, sa'an nan fari ya karɓe daga 2011. A Ingila kuwa ruwan toka ne ya zama na ɗaya a 2018. Abin lura a nan shi ne, a zamanin Ford rashin dabara ne ya hana launi, amma a yau babu launin da masana'anta ba za ta iya haɗawa ba. Don haka dole a nemi dalilin a wani wuri.

Dalilin Masana'anta

Sashen fenti yana cikin sassan da suka fi cin kuɗi da makamashi a masana'antar mota. Akan tsoma gangar motar cikin ruwan maganin tsatsa, a yi mata shafin share fage, a fesa launi, sa'an nan a rufe da wani shafi garai-garai mai sa ƙyalli, tsarin da ya bazu a shekarun 1980, kuma akan gasa ta fiye da sau ɗaya a tsakani. Duk lokacin da za a sauya launi sai an wanke bututai da bakin feshi, abin da ke jawo asarar fenti da ɓata lokaci. Gwargwadon yawan launukan da kamfani ke yi, gwargwadon yawan wannan asara. Bugu da ƙari, sassan roba kamar bamba da murfin madubi sau da yawa wasu kamfanoni ne daban ke yi musu fenti, kuma tilas launinsu ya dace da na jikin motar, wanda kowane sabon launi ƙarin aiki ne gare su.

Su kansu sinadaran launin ba farashinsu ɗaya ba. Fari ana samunsa daga wani ma'adini mai yawa da sauƙin kuɗi, baƙi kuma daga kabon. Ja da rawaya da ruwan goro masu haske, a da akan haɗa su da dalma da wasu ƙarafa masu guba, waɗanda dokokin kare lafiya da muhalli a Turai da Amurka suka yi ta taƙaitawa. Abubuwan da suka maye gurbinsu sun fi tsada. Wannan ne ya sa kamfanoni da yawa suke ba da launi ɗaya ko biyu a kan farashin mota, sauran kuma sai an biya ƙari. Alal misali, a 2019 kamfanin Tesla ya mai da fari launin da ba a biyan ƙari a kansa, kuma ba abin mamaki ba ne da fararen motocinsa suka cika hanya.

Dalilin Dillali da Mai Saye

A Amurka mafi yawan masu sayen sabuwar mota sukan zaɓa ne daga cikin waɗanda dillali ya riga ya ajiye a filinsa. Shi kuwa dillali da bashin banki yake sayo su, kullum da mota ta kwana a wurinsa ruwan bashi na hawa. Farar mota ko baƙa kowa na iya haƙura da ita, amma koriya sai mai son kore. Saboda haka dillali yakan yi odar launin da ba wanda zai ƙi, ko da kuwa ba wanda ya mutu a kansa. Haka su ma kamfanonin ba da hayar mota da hukumomi da 'yan kasuwa masu sayen motoci da yawa a lokaci ɗaya, fari suka fi so, don ya fi araha kuma ya fi karɓar rubutu da tambari.

A nan ne abin yake zama kamar igiyar da ta naɗe kanta. Mai saye ya ɗauki abin da ya tarar, lissafin ciniki ya nuna fari da ruwan toka ne suka fi tafiya, kamfani ya duba lissafin ya rage sauran launuka a shekara mai zuwa. Wanda ya so shuɗiya ya tafi da mai ruwan toka, a cikin lissafi mai son ruwan toka ne.

Har ila yau, mota ita ce kadara mafi tsada da yawancin mutane ke saye in an ɗebe gida, kuma tun ranar saye mutum yake tunanin ranar sayarwa. Yana tsoron kada launi mai ɗaukar ido ya karya mata daraja. Sai dai binciken da kamfanin iSeeCars na Amurka ya yi ta maimaitawa a kan motocin hannu ya nuna cewa rawaya da ruwan goro suna cikin launukan da suka fi riƙe daraja, domin ba su da yawa kuma masu nemansu a shirye suke su biya. Ko da yake irin waɗannan launuka sun fi yawa a jikin motocin ƙawa masu tsada, wanda hakan ma yana taimaka wa darajarsu, binciken ya isa ya nuna cewa tsoron ya fi haɗarin girma.

Akwai kuma dalilan da ba su da alaƙa da tsoro. Launi mai haske yana mai da hasken rana, mai duhu kuma yana shanye shi. A wani gwaji da aka yi a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a 2011, an ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, baƙa da mai ruwan azurfa, aka tarar iskar cikin mai ruwan azurfar ta fi sanyi da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salsiyos. Ruwan azurfa da ruwan toka kuma suna ɓoye ƙura, abin da duk wanda ya riƙe baƙar mota a lokacin hunturu ya san muhimmancinsa.

Yadda Abin Ya Shafi Ƙasar Hausa

Akwai lokacin da ake harhaɗa motar da mutanen Arewa suka fi hawa a gida, domin masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma samfurinta na 504, wanda Hausawa ke kira Fijo, ya zama ruwan dare. A yau kuwa mafi yawan motocin shiga da ake sayarwa a Nijeriya da Nijar na hannu ne, waɗanda ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano da Lome daga Amurka da Turai. Ma'anar wannan ita ce, launin motar da malamin makaranta zai saya a Kano ko Maraɗi, wani dillali ne ya zaɓe shi shekara goma da suka wuce a wata ƙasa, bisa lissafin da bai san da zaman wannan malami ba. Ɗan kasuwar da ke shigo da ita ma yakan sake tacewa, ya ɗauko wadda ba za ta daɗe a hannunsa ba. An tace sau biyu ke nan kafin mai kuɗi ya buɗe baki.

Daɗin daɗawa, wasu launuka masu haske sun riga sun sami ma'ana a kan hanyoyinmu. Rawaya ta zama alamar motocin haya na Legas da A Daidaita Sahu na Kano, kore kuma na tasin Abuja ne. Koren soja kuwa wata doka ta 1977 ta hana farar hula shafa shi a mota. Mai son a gan shi da mutunci ba ya son a tsai da shi a hanya ana tambayarsa kuɗin zuwa kasuwa, don haka sai ya ƙara gudun waɗannan launuka.

Wannan fa ba ya nufin Bahaushe ba ya son launi. Shaida ita ce manyan motocin ɗaukar kaya masu bodin katako, waɗanda ake yi wa zanen zaki da gaggafa da furanni da karin magana, da kuma kayan dawaki a ranar hawan salla. Inda zaɓi yake hannun mai abu, launi yakan fito.

Abin da Ya Shafi Harshe

Ga ɗalibin harshe, akwai wani abin dubawa. A 1969 masana biyu, Brent Berlin da Paul Kay, sun kawo ra'ayin cewa harsunan duniya sukan fara ne da sunan fari da baƙi, sa'an nan ja, kafin sauran su biyo baya. Hausa tana da waɗannan da 'yan rakiyarsu masu ƙarfafa ma'ana, kamar fari fat, baƙi ƙirin, ja wur da kore shar. Ta kuma buɗe wa kanta ƙofa mai faɗi da kalmar “ruwan”, inda ake jingina launi ga abin da ido ya sani: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan zuma, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan toka. A zamanin da doki ne abin hawan girma, launinsa kaɗai ya haifar da sunaye irin su akawal da kili da bidi da hurde da danda da gunya, waɗanda suka shiga kirari da waƙoƙin fada.

Mota ta gaji doki a matsayi, amma ba ta gaje shi a wannan fage ba. A wurin dillalan mota kalmomin aro biyu, wato “silba” da “ash”, tare da fara da baƙa, sun isa a gama yawancin ciniki. Kalma kuwa amfani ne ke raya ta. Yaron da ya tashi bai ga bidi ba, bai kuma ji an kira mota mai ruwan zuma ba, da wuya ya riƙe waɗannan kalmomi.

Kammalawa

An ga cewa ƙarancin launi a motocin zamani ya samo asali ne daga lissafin masana'anta, da taka-tsantsan na dillali, da tsoron mai saye, da kuma ɗan amfanin da launi mai haske ke da shi a rana da ƙura. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da hujjarsa, amma haɗuwar hujjojin ta bar kasuwa da zaɓin da ya gaza abin da mutane ke so. Tarihin 1924 ya nuna cewa yayi yana iya sauyawa in wani kamfani ya yi ƙarfin hali masu saye kuma suka amsa. Kafin wannan lokaci, akwai aikin da ke gaban ɗaliban wannan sashe, wato tattara sunayen launuka daga bakin marina da masu kiwon dawaki da masu zanen manyan motoci, a rubuta su tun masu su suna raye.