Yadda Ake Shirya Akwatin Gilashi Domin Kiwon Kifin Zinariya

Kifin zinariya asalinsa daga ƙasar Sin ne. Fiye da shekara 1,000 ke nan mutanen can suna zaɓen masu jan launi daga cikin wani kifin kogi suna haɗa su, har aka sami iri-irin da ake gani yau. Daga Sin ya shiga Japan, ya kuma isa Turai a ƙarni na 17. Waɗanda ake kira na ado, kamar Oranda da Riyukin da Ranchu, suna da dunƙulallen jiki da wutsiya mai rassa biyu, saboda haka ba su da saurin iyo, ba su kuma da juriya irin ta kifin tafki. Amma in an kula da su sukan yi shekara 10 zuwa 15.

Abin da ya fi halaka su shi ne ƙaramin mazubi. Ƙwaryar gilashin nan mai zagaye da ake gani a hotuna ba ta dace da su ba ko kaɗan. Kifi ɗaya yana bukatar kimanin lita 75, watau jarka uku masu cin lita 25, sa'an nan a ƙara wajen lita 40 ga kowane kifi da aka daɗa. Akwati mai faɗi ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga. A tuna kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka sai an sami tebur mai ƙwari. A ajiye shi nesa da taga, gama rana tana ɗumama ruwa, tana kuma kawo gansakuka.

Babban al'amari, wanda akasarin masu farawa ba su sani ba, shi ne ba a zuba kifi ranar da aka cika akwati. Kifin nan mai ci ne ƙwarai, ƙazantarsa kuwa tana fid da wata guba da ake kira amoniya. A cikin soson matatar ruwa wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, sukan yi gida su mai da amoniyar ta zama naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su sāke juya wannan ta zama naitiret mai sauƙin lahani. Kafin su yi yawan da za su iya wannan aiki akan ɗauki mako 4 zuwa 6. A cikin wannan lokaci sai a bar matata tana aiki, ana ɗan barbaɗa abincin kifi a ruwan domin su sami abin ci. Wanda ya yi garaje yakan wayi gari ya tarar kifinsa sun mutu, alhali ruwan garau yake. Wannan ne kuma dalilin da ba a wanke soson da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, maganin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Mafi aminci a ɗiga masa maganin kawar da shi, wanda masu sayar da kifin ado ke sayarwa. Kowane mako a kwashe rubu'in ruwan a zuba sabo. Ba a sa sabulu ko a taɓa akwatin da bokitin wanki.

A Nijeriya zafi ne abin tsoro. Kifin ya fi son ma'aunin zafi tsakanin digiri 18 da 23, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai. Da bazara, in aka ga kifi ya taso sama yana buɗe baki, alamar ƙarancin iska ce. Injin hura iska mai aiki da batir yana da amfani ainun ran da aka ɗauke wuta.

A shimfiɗa rairayi ko duwatsu masu santsi waɗanda suka fi ƙarfin bakinsa, don yakan tsinci tsakuwa ta maƙale masa. A ba shi abinci sau biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu. Wanda kuma ya gaji da kiwon, ya ba wani. Kada ya sake shi a kogi ko dam, domin yakan hayayyafa ya takura wa kifin gida.