Ƙuri'a Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Ranar Juma'a 24 ga Fabrairu, 2023, watau jajiberin zaɓen Shugaban Ƙasa, sojojin da aka girke a Alkaleri ta Jihar Bauchi suka tare wata mota, suka sami Naira miliyan 2 a cikin jaka. A lokacin kuwa takardar kuɗi ta yi wuya ƙwarai saboda canjin kuɗi. Aka miƙa mai ɗauke da su ga ofishin hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC da ke cikin garin Bauchi, hukumar kuma ta ba da sanarwar cewa ya ce wani ɗan siyasa zai kai wa a Gombe. Kamu dai ba hukunci ba ne, kotu kaɗai ke tabbatar da laifi. Amma wannan al'amari ya isa ya sa kowane ɗan ƙasa ya nemi sanin abin da doka ta ce game da kuɗin da ke yawo lokacin zaɓe.

Mene Ne Laifin?

An gudanar da wancan zaɓe ne bisa Dokar Zaɓe ta 2022. Sashe na 121 na dokar ya haramta ba wa mutum kuɗi, ko kyauta, ko rance, ko yi masa alkawarin aiki, don ya zaɓi wani ɗan takara ko don ya ƙi zuwa rumfar zaɓe. Ko mutum ya bayar da hannunsa, ko ya aiki yaronsa, duk ɗaya ne. Ɗan takara kuwa ba shi da mafaka idan da saninsa da yardarsa aka yi rabon.

Mutane da yawa suna zaton mai bayarwa ne kaɗai da laifi. Wannan kuskure ne babba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓa, da wanda ya yarda zai karɓa, da wanda aka biya bayan an gama zaɓe, duka dokar ta haɗa su. Turmin atamfa ko mudun shinkafa da aka bayar da sharaɗin ƙuri'a, toshiyar baki ce ko da an kira ta alheri.

Hukunci

Sashen ya yanka tarar da ba ta wuce N500,000 ba, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyu. Wanda ya haɗa baki ko ya taimaka, hukuncinsa daidai yake da na wanda ya aikata. Sashe na 22 kuma ya tanadi irin wannan tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyu, ga mai saye ko sayar da katin zaɓe. Aka ɗora wa Hukumar Zaɓe alhakin gabatar da ƙara a Kotun Majistare ko Babbar Kotun Jiha. Majalisar Tarayya takan sake duba dokar zaɓe lokaci-lokaci, yawan tara yakan canja, amma laifin yana nan daram.

Hasarar Da Ta Fi Tara

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗan kasuwar Wunti ko manomin Alkaleri da ya sayar da ƙuri'arsa ya sayar da bakinsa na shekara huɗu; in famfo ya ƙafe ko asibiti ya rasa magani, ba shi da idon tambaya. Wanda ya sayi kujera kuwa, daga baitulmalin jama'a zai mai da kuɗinsa, har da riba.

Saboda haka wajibi ne ga mai zaɓe ya riƙe katinsa a hannunsa, ya dangwala a asirce, kada ya nuna wa kowa takardarsa. In ya ga ana rabon kuɗi kusa da rumfa, ya sanar da 'yan sanda, ko jami'an ICPC ko na EFCC. Ƙuri'a amana ce, amana kuwa ba a kai ta kasuwa.