Iya ruwa fid da kai: Iyo a gulaben Gagare da Bunsuru

Idan malami ya shiga aji a Ƙaura Namoda ko Zurmi ya ce wa ya iya ruwa, hannuwan samari da yawa za su tashi. Amma a ce mutum ya yi minti goma yana iyo ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba, nan za a ga ido ya raina fata. Abin da mafi yawanmu muka iya shi ne facal-facal irin na kare: kai a sama, hannu da ƙafa suna dukan ruwa, numfashi ya ƙare kafin a yi mita 20.

Ba laifinmu ba ne kacokan. Gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura da Bunsuru da ya bi ta Zurmi, waɗanda ruwansu ke gangarawa arewa ya shiga Rima, gulabe ne na damina. A watan Agusta sukan cika su tumbatsa, ruwan ya yi ja, ya taho da itace da ƙaya. Da rani kuwa sai yashi da 'yan gurabu nan da can. Lokacin da ruwan ke da daɗin koyo gajere ne, wato bayan ɗaukewar damina, sa'ad da igiyar ta lafa kuma ruwan bai kai ga tsayawa ya yi kore ba.

Duk da haka iyo motsa jiki ne da ya cancanci wahalarsa. Kafaɗa da baya da cinya duk suna aiki lokaci guda, zuciya da huhu suna ƙara ƙarfi. Ga mai ƙiba kuwa akwai wata garaɓasa: ruwa yana ɗauke nauyin jiki, don haka gwiwar da ke ciwo idan an yi gudu a filin ƙwallo ba ta kuka a cikin ruwa. Sai dai a sani, iyo yana buɗe ciki, musamman idan ruwan da sanyi. Wanda ya fito daga gulbi ya zarce wurin mai awara, ya bi da lemon kwalba biyu, tumbinsa na nan daram. Teɓa tana raguwa ne idan abin da jiki ya ƙona ya fi abin da baki ya ci.

Iyon nisa a buɗaɗɗen ruwa wasa ne mai zaman kansa a duniya. Tun 2008 ake gasar kilomita 10 a Olamfik, kuma ɗan Afirka ya taɓa lashe ta: Oussama Mellouli na Tunisiya, a Landan a 2012. Mu ma nan kusa muna da namu. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, akwai wasannin kabanci, inda ake gasar iyo da nutso da kamun agwagwa a ruwa. Abin da Sarkawa suka sani, wanda mu 'yan tudu muke tsallakewa, shi ne nisa ba ƙarfi yake so ba, numfashi yake so.

To yaya ake gina shi? A fara a ruwan da bai wuce ƙirji ba. A tsoma fuska, a fitar da iska a hankali a cikin ruwan, a juya kai gefe a shaƙa, a maimaita har tsoro ya gushe. Sannan a koyi kwanciya rigingine a kan ruwa, domin ita ce hutun mai iyo idan ya gaji ko jijiyar ƙafa ta ɗaure. Bayan haka a kafa alama biyu a bakin gulbi, a riƙa zuwa da dawowa a gefen gaɓa, ana ƙara kaɗan-kaɗan kowane mako. A gefen gaɓa muka ce. Tsallake gulbi don burge abokai yakan ci samari, saboda a tsakiya igiyar ta fi ƙarfi, kuma can ne gajiya ke riskar mutum. Masu iyon nisa a Turai sukan ɗaura balan-balan mai launi a ƙugu. Jarkar da babu komai ciki, an rufe bakinta tam, tana yin wannan aiki.

Ba a shiga ruwa mutum ɗaya, ba a shiga bayan an sheƙa ruwan sama a sama da gari, kuma a halin tsaron da yankinmu ke ciki, mashayar da ke nesa da gari ba wurin atisaye ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Idan aboki ya fara shan ruwa, a miƙa masa doguwar sanda, ko a jefa igiya ko gora. Mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya iso shi.

Akwai kuma abokin gaba da ba a gani, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke son ruwa mai kwanciya da ciyawa, ta fito ta huda fatar mai wanka. Jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa a zaure, ciwo ne da ke iya lalata mafitsara idan ya daɗe. Maganinsa praziquantel ne, wanda akan raba a makarantu. Yin fitsari a cikin ruwa shi ke mayar da ƙwan tsutsar gida.

A ganinmu, makarantun Shinkafi da Galadi da Zurmi da Ƙaura ba sai sun jira an gina musu wurin ninƙaya ba. Malamin motsa jiki zai iya haɗa kai da sarkin ruwa, wanda ya san inda rami yake da inda yashi ke zurmawa, a ware wuri, a ja igiya, a koyar da ɗalibai rukuni-rukuni a watan Oktoba. 'Yan mata ma suna hawa kwale-kwale suna ƙetare gulbi ranar kasuwa, don haka su ma a nema musu mace mai koyarwa da keɓantaccen wuri.