Ba kowane ciwon wuya ba ne na wanzami

Wata ranar Talata, a makarantar da nake koyarwa a wani zongon Kumasi, na lura da wata yarinya ƴar shekara 4 ta yi tsit. Da safe lafiyarta lau, amma kafin azahar jikinta ya yi zafi zau. Ta zauna ta karkato gaba, baki buɗe, miyau na dalala, in ta ja numfashi sai ka ji wani ƙara siriri. Tari kuwa babu.

Da kakarta ta iso, sai ta ce: "Malam, beli ne wannan, bari in kira wanzami."

Na ce: "Hajiya, don Allah mu fara zuwa asibiti tukuna."

Da ƙyar ta yarda. Muka tari tasi, yarinyar na zaune a cinyarta.

Ashe ba beli ba ne. Likita ya ce marfin maƙogwaro ne ya kumbura, ɗan naman nan da ke rufe hanyar iska idan mutum na haɗiya. Epiglottitis suke kiran ciwon, kuma a jikin yara yawanci ƙwayar cutar Hib ke kawo shi. Cikin ƴan awoyi kumburin kan iya toshe numfashi gaba ɗaya. Ya ce da an zura cokali ko aska a bakinta, da hanyar ta iya rufewa nan take. Aka sa mata bututun numfashi, aka yi ta yi mata allurai, Allah ya tashi kafaɗunta.

Iyaye, in kun ga waɗannan alamu, kar ku kwantar da yaro, kar ku leƙa wuyansa da cokali ko yatsa, kar ku ɗura masa ruwa ko jiƙo. Ku bar shi a zaune, ku lallashe shi kar ya yi kuka, sai asibiti.

Rigakafinsa kuma yana nan kyauta. Tun 2002 Gana ta sa Hib cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai a wurin awo: a mako na 6, na 10 da na 14. Da aka duba katin yarinyar, ɗaya tak aka yi mata.

Yau da daddare ku ɗauko katin awon yaranku ku ƙirga. Ukun sun cika?