Kiwon Kajin Gida Tare da Kunkuru da Sauran Dabbobi: Darasi Daga Manchok

Gabatarwa

Manchok, hedikwatar masarautar Moro'a a Ƙaramar Hukumar Kaura, gari ne da ke kusa da duwatsun Kagoro a kudancin Jihar Kaduna, daf da iyakar Jihar Filato. Damina a nan takan sauka tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, saboda haka ciyawa na yin duhu, rafuka kuma ba sa saurin ƙafewa. A gida guda mutum kan tarar da kaji da agwagi da zabi, ga awaki, ga kare, ga aladu a bayan gida, wani lokaci har da kunkurun da yaro ya tsinto a gona.

A irin waɗannan gidaje kaza ita ce asusun mace. Da ita ake biyan kuɗin makaranta, a sayi magani, a fita kunyar baƙo. Sai dai kaza takan ƙyanƙyashe 'yan tsaki goma bayan kwana 21 na kwanci, amma kafin wata biyu sai a ga uku ko huɗu ne kawai ke bin ta. Yawancin wannan asara daga cututtuka da maƙwabtan kaji take fitowa. Manufar wannan rubutu ita ce bayyana wa malaman gona da masu kiwo haɗarin da ke tattare da kowace dabba, da kuma hanyoyi masu sauƙin kuɗi na kauce masa.

Kunkuru da Kififiya

Ya kamata a fara bambance su. Kunkuru a tudu yake zaune. Irin wanda ake tsinta a gonakin wannan yanki ƙarami ne, mai ƙoƙon da ɓangarensa na baya yake rufewa idan ya ji tsoro, abincinsa kuwa ganye da naman kaza da dodon koɗi da ƙwari. Akwai kuma babban kunkurun Sahel da wasu ke kawowa daga can arewa su ajiye a gida, wanda nauyinsa kan haura kilo 40. Kififiya kuwa a ruwa take, kuma nama take ci. Takan laɓe a bakin kududdufi ta fizge ɗan tsako ko ɗan agwagwa da ya zo shan ruwa.

Kunkuru ba ya farautar kaji, amma zamansu wuri ɗaya yana da illa ta fuskoki huɗu. Na farko, kunkuru da kififiya suna ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela a hanjinsu ba tare da sun nuna alamar ciwo ba. Idan kunkuru ya shiga kaskon ruwan kaji ya yi kashi, kamar yadda ya saba, ƙwayar ta samu hanyar shiga kaji, daga nan ta kai ga mutane, ta haddasa gudawa da zazzaɓi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗari. Saboda wannan cuta ce ƙasar Amurka ta hana sayar da ƙananan kififiyoyi tun shekarar 1975.

Na biyu, babban kunkuru gwanin tono ne. Yakan haƙa rami ta ƙarƙashin shinge, sai ya buɗe wa ɓera da maciji ƙofa, kuma yakan take ƙwai da 'yan tsaki. Na uku, kaji kan tsattsagi idon ƙaramin kunkuru har su makantar da shi. Na huɗu, abincin kaji na kanti ya yi wa kunkuru mai cin ganye ƙarfi, yana lalata masa ƙoda da ƙoƙon baya. Haka nan maganin tsutsa da aka rubuta Ivermectin a jikin kwalbarsa, wanda ake yi wa awaki da aladu, guba ne mai kisa ga kunkuru.

Saboda haka wanda ke son ajiye kunkuru sai ya keɓe masa wuri mai inuwa, ya zagaye da bulo ko duwatsu, ya binne gindin ginin kamar santimita 30 a ƙasa, ya ba shi kaskon ruwansa daban. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Mafi alheri dai shi ne a mayar da na daji inda aka tsinto shi, domin babban kunkurun Sahel ya riga ya shiga jerin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Agwagi, Zabi da Talotalo

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, cikin Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka ga wannan mugun nau'i a nahiyar Afirka. Cutar ta sake dawowa Nijeriya a 2015 da kuma 2021. Agwagwa na iya ɗaukar ƙwayar daga tsuntsayen ruwa a fadama, ta dawo gida lafiya lau, ta zuba wa kaji ta hanyar kashi da ruwan sha. Don haka kada agwagi su kwana ɗaki ɗaya da kaji, kada kuma su haɗa kasko.

Talotalo kuwa shi ne ke cutuwa daga kaji. Akwai wata tsutsar hanjin kaji da ke ɗauke da ƙwayar da ke ruɓar da hantar talotalo, ana gane ta da kashi mai ruwan ɗorawa. Ƙwan tsutsar kan daɗe a cikin ƙasa, saboda haka kada a reni 'ya'yan talotalo a filin da kaji suka daɗe suna kiwo.

Babbar annobar kajin gida ita ce cutar Niyukasul, mai sa kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe. Ta fi tsanani lokacin hunturu, daidai lokacin da ake ta shigo da kaji daga kasuwanni don Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro a ranar 1 ga Janairu. Ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda hanya ta haɗa ta da Manchok kai tsaye, tana yin maganin rigakafi mai suna I-2 da ke jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu. A yi wa zabi da talotalo tare da kaji, a kuma tabbatar zagaye ɗaya ya faɗo a watan Oktoba, kafin iskar hunturu ta kaɗa.

Aladu, Karnuka da Awaki

Kiwon aladu babbar sana'a ce a yankin Kafanchan, shaida kuwa ita ce kasuwar aladu ta Katsit. Alade yana cin ɗan tsako da ƙwai idan ya samu, kuma yana iya kamuwa da murar tsuntsaye da ta mutane gaba ɗaya, abin da ke ba ƙwayar damar sauya kama. A nisanta akurki daga ɗakin aladu. Kada a jefa wa alade ko kare mushen kaza, domin hakan na yaɗa cuta, yana kuma koya wa kare cin kaji. A binne mushe a rami mai zurfi ko a ƙone shi. Awaki kuwa idan suka afka wa buhun abincin kaji cikinsu kan kumbura har su mutu, sai a adana shi cikin duro mai murfi.

Maharan Sama da na Ƙasa

Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Shirwa da shaho da hankaka da rana suke ɗauka, muzuru da tunku da ɓera kuwa sun fi ɓarna idan gida ya yi tsit. Guza da gamsheƙa ƙwai suke bi, kwarkwasa kuma kan mamaye akurki da damina. Matakan da ke rage wannan asara su ne:

1. A kife 'yan tsaki da uwarsu cikin babban kwando mai inuwa har su yi mako 6, ana ba su tsakin masara da dusa da gara da ruwa mai tsabta.
2. A ɗaga akurki kamar mita ɗaya daga ƙasa, a sa wa ƙafafunsa hular kwano don hana ɓera hawa.
3. A rufe tagogi da waya mai ƙananan idanu, wadda yatsa ba zai shiga ba.
4. A share ciyawa da tarin itace da duwatsu a kewayen akurki, a barbaɗa toka a gindinsa.
5. A kwashe ƙwai kullum, a rufe kaji kafin magariba.
6. A yi amfani da tarko maimakon gubar ɓera, domin kaza ko kare na iya cin gubar ko mushen ɓeran.

Kira ga Malaman Gona

Idan malamin gona ya shiga gida, ya fara duba abu uku: inda kaji ke kwana, inda suke shan ruwa, da wace dabba ce ke tarayya da su a waɗannan wurare biyu. Ya nemi ganawa da matan gida da yara, domin su ne masu kiwon, su ne kuma ke wasa da kunkuru. Ya koya musu keɓe duk sabuwar kaza, ta kasuwa ko ta kyauta, har kwana 14 kafin a haɗa ta da na gida. Kwalbar rigakafi ɗaya ta fi ƙarfin gida guda, don haka a haɗa unguwa a yi rana ɗaya a raba kuɗin. Idan kuwa kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

Kammalawa

Ba a ce mai kiwo ya rabu da agwaginsa ko aladunsa ba. Abin da ake nema shi ne kowace dabba ta samu makwancinta da kaskonta, a kuma riƙa yin rigakafi kan lokaci. Kwando da toka da sabulu ba su kai kuɗin zakara ɗaya ba, amma su ne ke sa kaza ta kai 'ya'yanta bakwai ko takwas ga girma maimakon uku. Allah Ya albarkaci kiwonmu.