Inuwar da ke maƙalewa a fuskar waya: me ke jawo ta, kuma yaya mai saye zai gane ta?

Masu gyaran salula sun san ƙorafin: an rufe WhatsApp, amma layukansa suna nan dishi-dishi, ko kuma alamar batir da ta agogo sun bar tabo a saman fuskar wayar, duk shafin da aka buɗe ana ganinsu. Wannan shi ne abin da ake kira ƙonewar fuskar waya. Ba wuta ba ce, ba kuma datti ne da tsumma zai goge ba. Tsufa ne da bai zo daidai ba.

Iri biyu na fuska

Wayoyin zamani na amfani da fuska iri biyu. Ta LCD tana da fitila a bayanta da ke haska allon gaba ɗaya. Ta OLED, wadda Samsung ke kira AMOLED, ba ta da wannan fitila: kowane ɗigo daga cikin miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto shi ke ba da haskensa, da launin ja ko kore ko shuɗi. Shi ya sa baƙinta ya fi baƙi, launinta ya fi ƙayatarwa.

Sai dai sinadarin da ke ba da hasken yana raguwa gwargwadon aikin da ya yi, kuma shuɗin ya fi saurin gajiya. Idan alama ɗaya ta zauna wuri ɗaya wata da watanni, ɗigon da ke wurin sai su riga maƙwabtansu dusashewa. Bambancin nan ne ido ke gani kamar inuwa.

Matsalar ba ta ƙananan wayoyi ba ce kawai. A 2017 masu Pixel 2 XL sun yi kuka da ita makonni kaɗan bayan fitowar wayar, har Google ya tsawaita garantinta zuwa shekara 2. A wannan shekarar Apple ya fito da iPhone X, ta farko cikin wayoyinsa mai OLED, ya kuma sanar da masu saye cewa irin wannan inuwa na iya bayyana bayan dogon amfani. Yanzu fuskar ta sauko har wayoyi masu matsakaicin farashi, irin su Tecno Camon 20 ta 2023.

Zafi da haske

Abu biyu ke hanzarta lalacewar: yawan haske da zafi. A garuruwa kamar Njamena, Yamai da Garwa, inda zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40, mai waya kan ƙure hasken don ya iya karatu a rana. Apple kuwa na ba da shawarar a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35. Direban da ya liƙa waya a gilashin mota taswira a buɗe, da ɗan kasuwar da manhaja ɗaya ke kunne a gabansa tun safe, su ne a sahun gaba.

Kamfanoni sun ɓullo da dabaru, kamar gusar da alamomi kaɗan-kaɗan yadda ido ba zai lura ba. Dabarun na jinkirta matsalar ne, ba sa hana ta.

Tana gyaruwa?

Akwai inuwa ta ɗan lokaci, wadda kan auku har a LCD, ta ɓace idan waya ta huta. Akwai kuma wadda laifin manhaja ce: a 2023 Apple ya magance irinta da sabuntawar iOS 17.1. Amma idan ɗigon sun riga sun tsufa, babu manhajar da za ta dawo da su. Sai an canza fuskar, ita kuwa tana cikin sassan waya mafi tsada.

Kafin a biya kuɗi

Mai sayen waya ta hannu shi ya fi shiga haɗari, domin hoton bango mai launi na ɓoye tabon. Ya buɗe hoto mai launin toka ko fari zalla, ya cika fuskar da shi, ya duba sama, ƙasa da wurin allon rubutu. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# na buɗe shafin gwajin launuka. Ya kuma tambaya ko an taɓa canza fuskar, don wasu kan sa LCD mai araha a madadin OLED, abin da ke sa baƙi ya koma toka-toka.

Wanda ke da wayar kuma ya bar haske ya riƙa daidaita kansa, ya sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, ya zaɓi baƙin bango, ya kuma daina barinta a rana tana caji.