Ciwon Cikin Ranar Shiga Sabon Aji

Yaron da aka ciyar gaba yakan tashi da ciwon ciki, iyaye su ɗauka ƙarya ce. Galibi ba ƙarya ba ce. Idan fargabar baƙon malami ta kama shi, wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin. Sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya karkata daga hanji zuwa tsoka, ciki ya murɗa.

Barinsa a gida ƙara wa tsoron ƙarfi yake yi. Gara a kai shi sabon ajin tun kafin hutu, ya gaida malamin, ya ga mazauninsa. Amma ciwon da bai lafa ranar Asabar ba, ko ya zo da zazzaɓi, na likita ne.